Maigidana ya jefa wasiƙar diyyar ƙafafunsa a durowa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, muna zaune a Amurka da yaranmu uku. Maigidana ya yi shekara 8 a sojan ƙasar nan, ya je Iraki sau biyu, ya fito da ciwon baya wanda aka yarda aikin ne ya jawo, ana biyansa diyyar nakasa ta kashi 20 cikin ɗari a kai. Shekara uku ke nan ƙafafunsa suka sa shi gaba: zugi daga kwankwaso har tafin ƙafa, da dare kamar an zuba masa garwashi, silifas ya fice masa yana tafiya bai sani ba. Yanzu a zaune yake salla. Ya nemi diyyar ƙafafun, wata bakwai da suka wuce amsa ta zo. Ta hagu an ba shi kashi 10, ta dama babu komai, wai ciwon suga ne ya jawo, kuma gwajin lantarki bai nuna wata matsala ba. Na tambaye shi me ya gaya wa likitan da ya duba shi, ya ce ce masa ya yi da sauƙi. Ya jefa wasiƙar a durowa, ya ce shi ba maroƙi ba ne. Babbar mota yake tuƙawa, kullum ya fita gabana faɗuwa yake. Wani abokinsa ya kawo maganar wani kamfani da zai kai shi kashi 100 in zai biya su, shi kuma ya fara cewa mu tattara mu koma gida. Da na ɗauko zancen sai faɗa. Don Allah ya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi. Kafin komai, yau ɗin nan ki buɗe durowar ki duba kwanan watan da ke saman wasiƙar. Daga wannan ranar hukumar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, take ƙirga shekara ɗaya. In aka nemi a sake duba hukuncin kafin shekarar ta cika, duk abin da aka samu daga baya za a biya shi ne tun daga ranar neman farko, da ariyas ɗinsa duka. In ta wuce, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma lissafin kuɗin zai fara ne daga ranar sabon neman, na baya ya tafi ke nan. Wata bakwai sun shuɗe, saura biyar, kuma samun ganin likitan jijiyoyi kaɗai yana iya cin rabinsu.

Fushin maigida ba abin mamaki ba ne. Mutumin da aka horar shekara 8 kada ya nuna gazawa, ga shi ya taso inda namiji ba ya kuka da ciwo a gaban baƙo, in an tambaye shi jiki sai ya ce alhamdulillahi ko da kuwa daren jiya bai runtsa ba, shi ne aka ce ya zauna gaban wani ya lissafa abin da ba ya iyawa. Ya daure ya je, aka ba shi goma. Dole ya ji kamar an ce ƙarya yake. Sai dai kalmar roƙo ba ta shiga nan ba. Wannan kuɗi diyya ce da doka ta ɗora wa gwamnati kan abin da aikinta ya lalata a jikin mutum, ba a duba talauci ko arziki kafin a bayar, ba a cire haraji a ciki, kuma yin aiki ba ya hana karɓa. Idan za ki sake ɗauko zancen, ki bar maganar rauninsa, ki shigo ta wajen haƙƙi: bashi ne yake bi, kuma akwai rabon yara a ciki. Ki zaɓi lokacin da ciwon ya lafa, ba tsakar dare yana juyi ba. In kin san akwai wani tsohon soja ko dattijon masallaci da yake jin nauyinsa, bari maganar ta fito daga bakin wancan. Ki kuma sani ba za ki iya sa hannu a madadinsa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya cike fom 21-0845, wanda zai ba hukumar izinin yi miki bayani idan kin kira.

Ita ma hukumar a yi mata adalci. Wanda ya yanke hukuncin bai taɓa ganin maigida ba. Rahoton likitan gwaji ne a gabansa, kuma in rahoton ya ce majiyyaci ya ce da sauƙi, to da sauƙin za a biya. Wannan "da sauƙi" ta gaisuwa ce a wurinmu, a wurinsu kuwa shaida ce da aka rubuta.

Matsalarku biyu ce, ba ɗaya ba. A ƙafar hagu an yarda aikin soja ne sanadi, gardamar a kan yawan kashin take. A ta dama ba a ma yarda da sanadin ba. Kowacce da irin hujjar da take buƙata, kuma doka ta yarda a bi wa kowacce hanyarta daban.

Mu fara da ta hagu. Ana auna lalacewar jijiya ne da jadawalin da ke sashe na 4.124a na kundin ƙa'idojin hukumar, wato 38 CFR. Babbar jijiyar da ta taso daga ƙugu ta bi ɗuwawu da bayan cinya ta sauka ƙafa, lambarta 8520, kuma matakanta biyar: kashi 10 in abin kaɗan ne, 20 in matsakaici ne, 40 in ya fara tsanani, 60 in ya yi tsanani har tsoka ta zube a fili, 80 in jijiyar ta mutu gaba ɗaya ƙafar tana reto. Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe: ƙa'idar ta ce in matsalar ta ji ce kawai, wato zugi da ƙuna da mutuwar fata, ba za a wuce matakin matsakaici ba komai azabar. Abin da ke ɗaga mutum sama da 20 shi ne abin da likita zai auna da hannunsa. Ƙarfin tsoka, wanda ake ba maki daga 0 zuwa 5 idan ya ce ka ɗaga yatsun ƙafa ko ka taka ƙasa yana tare ka. Zaburar da ƙafa ke yi in an buga 'yar gudumar roba a gwiwa da bayan idon sawu. Kaurin tsokar ƙafa da ake aunawa da tef a santimita a gwada da ɗaya ɓangaren. Da kuma yanayin tafiya, ko yana jan ƙafa, ko yatsu na kama bakin kafet. Silifas ɗin da kika ambata ya tsaya mini a rai, domin yana iya zama rashin ji ne a tafin ƙafa, yana kuma iya zama raunin tsokar da ke riƙe yatsu, kuma tazarar da ke tsakanin biyun a takarda tana iya zama tazarar 20 da 40. Likita ne zai raba gardamar.

Saboda haka ku nemo rahoton gwajin da aka yi masa, wanda suke kira C&P. Ana neman fayil ɗin gaba ɗaya da fom 20-10206, amma yakan ɗau watanni kafin ya iso, ku kuwa ba ku da watannin. Hanya mafi sauri ita ce ya naɗa wakili daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV ko VFW ko American Legion, ko jami'in tsofaffin sojoji na gundumarku, da fom 21-22. Kyauta suke yi, kuma da yawansu suna iya buɗe fayil ɗin a kwamfuta su karanta muku rahoton. In kuka tarar likitan ya rubuta rauni a idon sawu ko zabura ta ragu, amma duk da haka aka ba da matakin ƙasa, to kuskuren karatu ne, maganinsa fom 20-0996: wani babban ma'aikaci ya sake duba takardun da ke nan, ba a karɓar sabuwar hujja, amma ana iya neman ya kira a waya sau ɗaya a nuna masa shafi da layin da aka tsallake. In kuwa rahoton fari tas yake saboda maigida ya ce lafiya lau, kada ku ɓata watanni a wannan hanyar, babu abin da babban ma'aikacin zai gani.

Yadda kika ba da labari, na fi zaton na biyun ne, don haka shawarata fom 20-0995 a kan ƙafafun biyu. Wannan ita ce hanyar ƙara sabuwar hujja, cikin hanyoyi uku da aka fara aiki da su a watan Fabrairun 2019. Sharaɗinta hujjar ta zama sabuwa, wadda ba ta gabansu a lokacin hukunci, kuma ta shafi abin da ake gardama a kai. A wannan hanyar wajibi ne hukumar ta taimaka wajen tattaro bayanan asibiti, kuma sau da yawa takan sake kiran gwaji. Burin da suka sa wa kansu kwana 125 ne, ko da yake yakan wuce. Hanya ta uku, fom 10182, tana kai maganar gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji. Tana da ƙarfi, amma jiranta shekara ne ko fiye, musamman in an nemi zama da alƙali. Ku ajiye ta sai in an sake ƙi, domin kowane sabon hukunci yana zuwa da sabuwar shekara ɗaya. Bayan alƙalin ma akwai kotu, wadda wa'adinta kwana 120 ne kacal.

Ƙafar dama ita ce babban aikin. Tunda an riga an amince da ciwon bayan, ba sai kun tabbatar da wani abu ya sami ƙafar a Iraki ba. Abin da ake so kawai shi ne a nuna bayan ne ya haifar da matsalar ƙafar ko ya ƙara mata tsanani, kamar yadda sashe na 3.310 ya tanada. Kuma ba a neman yaƙini. In likita ya rubuta cewa yiwuwar hakan ta kai hamsin cikin ɗari, doka ta ce shakka ta faɗa wa tsohon soja. Ku nemi likitansa ya tura shi wurin ƙwararren jijiyoyi, a yi hoton MRI na ƙasan baya in ba a yi na kwanan nan ba, a kai wa ƙwararren wasiƙar hukuncin da rahoton gwajin ya karanta. Takardar da zai rubuta ta faɗi sunan cutar, ta ce ya duba bayanan, sannan ta kawo dalili. Takarda mai layi biyu da ta ce "ina ganin daga baya ne" ba ta da nauyi ko kaɗan.

Dalilin kuwa akwai inda ake nemo shi. Lalacewar jijiya ta ciwon suga takan fara ne daga yatsu, ƙafa biyu kusan daidai wa daida, tana hawowa sannu kamar ana jan safa. Wadda ta taso daga baya takan bi layi ɗaya daga kwankwaso zuwa ƙasa, tari ko atishawa ko dogon zama su tayar da ita, kuma inda ta sauka yana nuna saiwar da aka matse: saman ƙafa da babban yatsa na saiwar jijiyar ƙasan baya da likitoci ke kira L5 ne, gefen waje da tafin ƙafa na wadda suke kira S1. Kin ce zuginsa daga kwankwaso yake farawa, wannan maganar ta shiga takarda. Ku kuma binciko wanne ya riga wani, korafin ƙafa ko gano sugan, domin in akwai rubutun asibiti da ya nuna ƙafar ta fara tun kafin sugan, hujja ce mai kyau. Mutum yana iya samun duka biyun a lokaci guda, kuma tun a 1998 kotun tsofaffin sojoji ta yanke cewa in likita ya kasa raba alamomin ciwon da aka amince da shi daga na wanda ba a amince da shi ba, to a jingina su ga wanda aka amince. Batun gwajin lantarki, wato EMG, kada ya karya muku gwiwa. Manyan zaruruwan jijiya yake aunawa. Ana iya matse saiwar ji a baya gwajin ya fito lafiya, haka nan in ƙananan zaruruwa ne suka lalace, masu kawo ƙuna da dare, sai an yanki 'yar fata an duba ake ganewa. Ƙwararren ya faɗi haka a takardarsa in ya ga ya dace da maigida.

Zan kuma gaya miki gaskiya, yana iya yiwuwa bayan duk bincike ƙwararren ya ce ta dama sugan ne kawai. In haka ta faru, kada ku shiga yawon neman likitan da zai rubuta abin da kuke so. Ku mai da ƙarfinku kan ta hagu da kan bayan.

Ke ma shaida ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fom 21-10210 na irinki ne. Kada ki rubuta sunan cuta, ki rubuta abin da idonki ya gani, da lokaci da adadi: tun wane wata ya fara salla a zaune, dare nawa a mako yake tashi ya zauna bakin gado, sau nawa ya faɗi ko ya yi tuntuɓe a matakala cikin wata shida, minti nawa yake iya tsayuwa a layin kanti, ko ke kike taɓa masa ruwan alwala saboda ba ya gane zafinsa. Ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta wa kowace rana layi ɗaya. Wannan takardar taki da sababbin bayanan asibiti sun isa su zama sabuwar hujja, don haka in wata na goma sha ɗaya ya kama ba ku ga ƙwararren ba, ku shigar da fom ɗin a haka, takardarsa ta biyo baya da wuri. In akwai asibitin kuɗi da ya taɓa zuwa, fom 21-4142 zai ba su izinin karɓo bayanan. Ku aika ta intanet ko ta wasiƙa mai rajista, ku adana shaidar ranar da ta isa.

Idan aka sake kiransa gwaji, kada ya kuskura ya ƙi zuwa, domin rashin zuwa ba tare da uzuri ba yana iya sa a yi watsi da neman. In ranar ba ta yi ba a kira a canza tun da wuri. Ya tafi da sandarsa in yana riƙewa. In an ce yaya jiki, ya bar gaisuwa ya ba da labarin mako guda, ranar sauƙi da ranar tsanani duka, da yadda abin yake taɓa aikinsa. Kada ya ƙara gishiri, likitocin nan suna lura da yadda mutum ya shigo da yadda ya cire takalmi. Kada kuma ya cije ya yi abin da zai kwantar da shi kwana biyu don kawai a ce jarumi ne.

Ga abin da ke kan faifai, don ki nuna masa da alƙalami. Hukumar ba ta tara kashi kai tsaye, kowane sabo daga abin da ya rage na lafiya ake cire shi. Yanzu 20 da 10 sun ba da 28, aka mai da shi 30. In ƙafa biyu suka samu, akwai ƙarin kashi ɗaya cikin goma na jimlarsu. Ko 10 kawai aka ba ta dama, ƙafafun sun zama 21, da baya 37, wato 40. In kowacce ta sami 20, sun zama 36, da ƙarin 3.6 sun kai 40, a haɗa da baya 52, wato 50. In hagu ta sami 40 dama 20, lissafin zai kai 66, wato 70. Daga 50 ba ya biyan ko sisi na magani da ganin likita a asibitocin hukumar. Tun a 30 ɗin da yake yanzu ma akwai ƙarin kuɗi na mata da 'ya'ya, ki duba ko an sa ku, in ba a sa ba fom 21-686c ne. In kuma wata rana ƙafafun suka raba shi da aiki, akwai fom 21-8940 da ke sa a biya shi kamar mai kashi 100, kuma a wannan lissafin ciwon baya da ƙafafun da suka fito daga tushe ɗaya ana ɗaukarsu a matsayin ciwo guda.

Kamfanin abokinsa kuwa, duk wanda ya yi alkawarin kashi 100 bai ga fayil ba, ku riƙe aljihunku. Wanda hukumar ta ba lasisi ne kaɗai doka ta yarda ya wakilci mutum, kuma ana iya duba sunansa a shafin ofishin lauyoyinta. Lauya mai lasisi yana iya karɓar lada bayan hukuncin farko, yawanci kashi 20 na ariyas, in ya haura ɗaya bisa uku ana ɗaukarsa ya wuce kima. Marasa lasisi sukan sa mutum ya sa hannu kan biyan ninkin ƙarin da zai samu na watanni, su nemi lambar sirrinsa ta shiga shafin hukumar, wasu har su koya masa abin da zai faɗa. In aka kama ƙarya, ba kamfanin ne ya sa hannu ba. Abokin dai da alheri ya zo, a gode masa.

Maganar komawa gida ba ta hana diyya, ana biyanta ko mutum yana ƙasar waje, kuma akwai shirin da ke biyan kuɗin jinyar ciwon da aka amince da shi a can. Amma MRI da ƙwararren jijiyoyi da gwajin hukumar duk sun fi sauƙin samu inda kuke, kuma ƙafar da ba a amince da ita ba ba ta cikin wancan shirin. Ki ce masa ba ki ƙi tafiyar ba, a gama wannan tukuna.

Faɗuwar gabanki kan tuƙi tana da dalili. Ƙafar dama ita ce ta birki, kuma mutumin da ba ya jin silifas bai kamata ya yanke wa kansa hukuncin cewa yana jin feda ba. Ya faɗa wa likitansa a wannan watan, ko da yana tsoron abin da zai biyo baya. Tunda akwai suga, kowane dare a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu ko akwai ƙuje ko ƙuna da bai ji ba, ya daina yawo ba takalmi, in kuma yana shan maganin suga mai suna metformin ya nemi a auna masa bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana cin jijiya. In wata rana fitsari ko bayan gida ya kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta saki farat ɗaya, wannan ba na jiran safiya ba ne, sashen gaggawa za ku nufa. In kika ji yana maganganun gajiya da rayuwa, ki kira 988 ki danna 1, layin tsofaffin sojoji ne, kuma iyali ma suna kira.

A wannan makon abu uku sun ishe ki: kwanan watan wasiƙar a rubuce a jikin kalanda, waya ga ofishin wakili a sa muku rana, da littafin nan na layi ɗaya a gefen gado. Allah Ya ba shi lafiya, ki gaishe da yara.